Babi na Biyar: Sabon Garin Kano Bayan Magariba

A birnin Kano na da, abinci ne yake zuwa wurin mutum. Matar aure tana cikin gida za ta soya ƙosai, ko ta dafa ɗanwake, ko ta tuƙa tuwon sayarwa, 'yarta ta ɗora a ka ta bi lungu-lungu tana talla. Magidanci yana zaune a zaurensa ko a rumfarsa ta kasuwar Kurmi zai kira ta, ta zuba masa a kwanonsa, ta wuce. In dare ya yi kowane gida ya fito da akushi ƙofar gida, maƙwabta su shimfiɗa tabarma a yi ciyayya, ana ci ana hira. Amma a ce mai iyali ya tashi takanas ta Kano ya je wani wuri ya zauna, macen da ba tasa ba ta zuba masa, ya ci a idon jama'a ya biya kuɗi, wannan abin kunya ne gare shi, abin gori ne kuma ga matarsa. Gidajen tuwo akwai su, sai dai na fatake ne da gwauraye da 'yan ci-rani, mutanen da ba su da murhu a garin.

Sabon Gari kuwa tun ran gini aka yi masa zane a matsayin unguwar marasa murhu. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, shekara na zagayowa cinikin gyaɗa ya buɗe. Sai ga akawuna da ma'aikatan reluwe da masu awon kamfanoni da tsofaffin sojoji suna ta kwararowa: Yarbawa, Nufawa, mutanen Saliyo, da na ƙasar da yau ake kira Ghana, daga baya kuma 'yan ƙabilar Ibo, waɗanda suka zo suka fi kowa yawa. Turawa ba su so waɗannan baƙi su cuɗanya da talakawan sarki, saboda haka a 1913 aka yanka musu filaye a wajen ganuwa, aka ja tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, aka bar unguwar a hannun jami'in Bature. Sai a 1940 ta koma ƙarƙashin En'e. Har yau sunayen titunan suna faɗin inda mutanen suka fito: Gold Coast, Abeokuta, Warri, Enugu, Aba.

Mafi yawan waɗanda suka fara zuwa samari ne da magidantan da suka baro iyali a gida. Mutum ya tashi daga aiki da yamma, ɗakinsa ɗaya a gidan haya mai ɗakuna jere, ba mata, ba uwa, aljihunsa kuma da albashi. Dole wata ta dafa masa, dole a sami benci da zai zauna, dole a sami abokan hira. A nan Kano ta koyi zama a ci abinci a waje ba tare da an sunkuyar da kai ba. Da gidajen silima suka zo, tun daga Rex a 1937, sai daren ya ƙara tsawo, domin wanda ya fito daga kallo yana buƙatar abin da zai sa a ciki kafin ya kwanta. Duk wani gidan cin abinci da yau ke cika a titin Zoo Road ko a Nassarawa, da mata da miji da yara a tebur guda, jikan wannan benci ne, ko masu shi sun sani ko ba su sani ba.

Da rana unguwar ta kasuwa ce. Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Abubakar Rimi, da 'Yankura da ke manne da ita, da kasuwar Singa, da masu kayan gyaran mota da kayan gini da na lantarki, su ke riƙe da jama'a tun daga hantsi. Abincin rana na gaggawa ne. Yaron shago ya zo da kula ya saya wa maigidansa, ɗan dako ya ci garau-garau a tsaye, mai gurasa ta yayyafa ruwa ta barbaɗa ƙuli da yaji ta zuba mai, ka karɓi bandashenka a leda ka yi gaba. Wanda yake da ɗan sarari shi ke shiga wajen Iya mai amala, inda tukwane ke jere a kan tebur, miyar wake ga ta, ta ayoyo ga ta, jar miya ga ta da nama yana iyo a cikin manja.

"Iya, barka da aiki. A sa min malmala biyu, da ganda da tsoka ɗaya."

"Sannu da zuwa, Alhaji. A haɗa maka miyar ne, ko agushi za ka ci yau?"

Hausar da za ta amsa maka da ita ta Kano ce tsantsa, domin sau da yawa a nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Na sha jin mutane suna kiran irin waɗannan mata baƙi, kuma abin yana damuna. Matar da kakanta ya sauka a tashar jirgin Kano kafin a haifi kakan mai maganar, wace irin baƙunta ce ta rage mata?

Ana kiran sallar magariba sai unguwar ta sake kama. Ana jan ƙofofin shaguna, 'yan adaidaita sahu na rububin fasinja a bakin France Road, a cikin titunan kuma ana fito da fararen kujerun roba ana jerawa har kan kwalta. Injinan wuta su tashi ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi iri biyu ne zai tarye ka: na gawayin masu gasa kifi, da na itacen masu tsire.

Mai tsire ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne Bahaushen da ba a taɓa yin daren Sabon Gari ba da shi. Aikinsa tun rana yake farawa. Ya sayo cinya ko gadon baya, ya zauna da wuƙa mai kaifi yana feɗe naman fale-fale, yana tsirewa a tsinke, yana sa ɗan kitse a tsakani don kada ya bushe. Sai ya turmuɗa kowane tsinke a garin ƙuli da aka daka da citta da barkono da gishiri, ya yayyafa man gyaɗa. Tsiren gaske ba a ɗora shi a kan wuta. Tukuba ake yi, a tara toka da ƙasa su yi tudu, a hura itace a tsakiya, a kakkafa tsinkayen a kewaye, zafi ya riƙa dukansu daga gefe, mai tsire yana juya su yana matso da wannan yana janye wancan. Shi ya sa ƙulin yake gasuwa ya yi ja ba tare da ya ƙone ba. Yanzu da yawa sun koma gashi a kan raga don sauri, kuma harshe yana gane bambancin. A gefe ga balangu a rufe da takarda yana tsatsafo da romo, ga hanta da ƙoda, ga kaji an buɗe su an shafe da yaji. Ƙulin nan da ake turmuɗawa kuwa tunkuzar gyaɗa ce, ita gyaɗar da ta jawo akawuna da unguwar baki ɗaya.

Ciniki a gaban mai tsire yana da ladabinsa. Kafin ka ce komai zai yanko ɗan yanki ya dangwala a yaji ya miƙo maka a bakin wuƙa. Wannan ɗanɗano ne, ba a biya, kuma ba a ƙi. Ɗan kasuwa Ibo zai ce masa "Malam", ko "aboki", shi kuma ya ce "Oga" ko "Madam", a yi ciniki rabi da Hausa rabi da Turancin kasuwa, a ƙare da neman gyara. Ya yanka albasa da tumatir da kabeji, ya ƙulle a takarda. Mutumin ya ɗauka ya koma teburinsa a mashayar da ke bayan tukubar. Mai tsiren ba ya shiga ciki, ba ya taɓa kwalba, in lokacin isha'i ya yi zai bar yaronsa a kan nama ya shimfiɗa buzu ko kwali a gefe ya yi sallarsa. Amma ya san cewa rabin cinikinsa daga teburan nan yake fitowa, mai mashayar ma ta san in ba shi a ƙofarta mutanenta za su koma ƙofar wata.

Duk Musulmin da zai ci nama a wurin da ba na Musulmi ba, tambaya ɗaya ce a ransa: wa ya yanka? A Sabon Gari an daɗe da amsa wannan tambaya, kuma kasuwa ce ta amsa ta. Shanu da awaki daga kasuwanni irin su Wudil da Ɗambatta da Maigatari suke zuwa, a Abbatuwa da ke Fagge ake yanka mafi yawansu, mahautan kuma Hausawa ne Musulmi. Madam mai farfesu da sassafe take aika a karɓo mata kawunan awaki da ƙafafun saniya da kayan ciki daga hannun mahaucin da ta saba da shi shekara da shekaru, sau da yawa bashi, sai an sayar a biya. In kaza ta saya da rai, za ta nemi Musulmi a maƙwabta ya yanka mata, domin ta san su wa ke cin abincinta. Akwai wuraren da ake sayar da abin da Musulmi ba ya ci, sanannu ne, daban suke, ba a kuma yaudarar kowa a kai. Wannan amana ba hukuma ce ta kafa ta ba, ba wanda ya rubuta ta a takarda. Mai abincin da aka taɓa kamawa da ha'inci a nan ta gama sana'a, kowa ya san haka, shi ya sa ba a yi.

A cikin kwanon farfesu za ka ga yadda ƙasar nan take a ɗaure da juna fiye da yadda 'yan siyasa ke faɗa. Ɗauki kan akuya irin na Ibo, wanda suke kira isi ewu, wanda ake kawowa a ɗan akushin katako. Ana babbake kan, a kankare, a sassara, a dafa shi har ya yi laushi. Sai a jiƙa kanwa a tace ruwanta, a riƙa ɗiga shi a cikin manja ana juyawa, har manjan ya kaɗe ya yi kauri ya koma rawaya. A dama ƙwaƙwalwar akuyar a ciki, a sa attaruhu da gyaɗar ƙamshi, a juye naman, a yanka albasa da wani ganye mai ɗaci da suke kira utazi a bisa. Akuyar ta Arewa ce, jar akuyar nan da aka san Sakkwato da Maraɗi da ita ko 'yar'uwarta ta ƙasar Kano. Kanwar daga yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga take fitowa, kuma fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai ta Kudu. Manjan ya hau mota daga Kudu ya sauka a kasuwar Galadima, a nan cikin Sabon Gari. Ganyen ma daga can yake zuwa. In ka cire kanwa miyar ba za ta kama ba, in ka cire manja babu abin da kanwar za ta kama. Haka abin yake a tukunyar Iya: waken miyarta daga Dawanau, tattasai da tumatir daga lambunan Kura da Kadawa, garin amala daga busasshiyar doyar ƙasar Yarbawa. Miyar agushin Madam kuma tana ɗauke da bandar kifi daga Baga tare da wani busasshen kifi mai tauri da ake kawowa tun daga Norway.

Farfesun ruwa kuwa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, kayan ƙamshinsa duk namu ne: kimba, masoro, citta, ɗoɗɗoya. Abin da Sabon Gari ta ƙara shi ne baho cike da tarwaɗa masu rai. Ka nuna wadda kake so, a ciro ta a gabanka, a buge ta, ka zauna ka jira. Jiran nan na kusan rabin sa'a shi ne asalin abin da ake saya. A cikinsa ake ƙulla ciniki, a sasanta rigimar 'yan gari ɗaya, a yi musun ƙwallon Ingila, a tambayi labarin gida wurin wanda ya sauka daga motar Onitsha da safe. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi, kuma mutanen nan da ke nesa da garuruwansu sun fi kowa sanin haka.

Ba zai yiwu a yi maganar daren Sabon Gari a tsallake giya ba, kuma ba na son in tsallake ta. A bakin mutanen birni da yawa, sunan unguwar ma kusan giya yake nufi. In aka ce an ga wane a Sabon Gari da daddare, an gama da shi. Abin yana da tushe. Tun zamanin Turawa dokar giya ta hana sayar wa 'yan ƙasar Arewa barasar da ake shigowa da ita, amma aka bar ƙofa ga baƙi a unguwanni irin wannan. Da Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisba da doka a 2003, sai sayar da giya ya zama laifi a jihar. Hisba tana tare motocin da ke shigowa da ita, kuma a Nuwamban 2013 an fasa kwalabe 240,000 a bainar jama'a. Duk da haka mashayu a cikin Sabon Gari suna buɗe, kowa ya sani, hukuma ma ta sani. Wani irin zama ne da ba a rubuta ba: ku tsaya a cikin titunanku, mu kuma mu tsaya a bakin hanya.

Ni ba na sha, kuma na ga abin da sha ya yi wa gidaje: albashin da ya ƙare kafin goma ga wata, yaran da aka koro daga makaranta, matar da ke jiran ƙarar ƙofa da fargaba. Na san kuma cewa a teburan nan ba Kirista kaɗai ke zama ba. Akwai 'ya'yan Musulmi da ke ajiye hula a mota su shiga lungu, akwai 'yan mata ƙanana daga ƙauyukan Kudu da na Arewa da talauci ya jefa a ɗakunan otal-otal na bayan mashayun, kuma wannan ciwo ne da ya kamata ya hana mu barci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki unguwa guda, mai masallatai da coci-coci da makarantu da asibitoci da dubban gidajen mutanen kirki, a naɗe ta a cikin kwalba ɗaya. Mafi yawan masu cin abinci a titunan nan da daddare lemo ne ko Maltina ko ruwan leda a gabansu. Iyalai ne da suka fito bayan coci ranar Lahadi, direbobi ne, ma'aikatan jinya ne da suka tashi daga aiki, 'yan kasuwar Kwari ne da suka gaji da shinkafa suke marmarin sakwara. Wanda ya yi wa unguwar kuɗin goro, ya zalunci waɗannan.

Ta kuma sha wuya fiye da yawancin unguwannin Kano. Rikicin Mayun 1953 a kan iyakarta da Fagge aka yi shi. A 1966 an kashe mutane da yawa a cikinta, waɗanda suka tsira suka gudu Gabas, gidaje suka zama kango har bayan da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. An sake zubar da jini a 1991 da 2004. Sannan Boko Haram ta zo. Bayan harin 20 ga Janairun 2012 aka sa dokar hana fita, daren Kano ya mutu ɗungurungum. A Janairun 2013, bayan an kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, aka hana acaɓa, wanda shi ne ke kai mutane gida in dare ya yi. Ranar 18 ga Maris na shekarar bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road, a Yuli wasu suka tashi a wuraren da mutane ke zaune suna ci suna sha, a Mayun 2014 aka sake. Masu kai harin sun san abin da suke nufa: wurin da mutane ke zama a fili da daddare ba tare da tsoro ba. A cikin waɗanda irin wannan hari yake ritsawa da su har da mai tsiren bakin ƙofa da yaro mai tallan sigari da goro, domin bam ba ya tambayar sunan kowa. A Maris na 2016 kuma gobara ta cinye dubban shaguna a babbar kasuwar, ta bar masu abinci da yawa ba masu saye.

Bayan kowace musiba wasu sun tafi ba su dawo ba, kuma ba wanda zai zarge su. Amma a kowane karo, kafin a gyara gini, kafin gwamnati ta kafa kwamiti, wata mata ce take fara fito da tukunya ɗaya da benci ɗaya, mahaucinta ya ba ta nama bashi, mutum biyu su zauna suna waige-waige. Da haka titi yake dawowa.

Yau abin da ke cin masu abinci ba bam ba ne, tsada ce. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, mai tsire da mai shayi da ba su taɓa shiga banki ba suka koyi karɓar tiransifa a waya, suna riƙe mai saye har sai saƙo ya shigo. Daga 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin mai, sai kuɗin motar da ke kawo manja da doya ya tashi, man inji ya tashi, gas ya tashi, gawayi ya bi su. Mai abinci ba ta iya ƙara kuɗi kullum, don masu cin nata ma albashinsu bai motsa ba. Sai malmala ta ƙanƙance, yankan nama ya sirance, littafin bashi ya yi kauri. Matan nan su ne ke tashi tun kafin asuba, su ne ke kwanciya bayan sha biyun dare, da ribar da ba ta taka kara ta karya ba suke biyan haya da kuɗin makaranta da zubin adashi. 'Ya'yan da suka zama likitoci da lauyoyi daga bakin tukunyar farfesu suna da yawa a garin nan.

Akwai abin da ya fi tsada ɓata mini rai, shi ne ruwa da kwata. Unguwar da aka yanka don mutane kaɗan yanzu ta cika ta batse, gidajen ƙasa sun zama benaye, amma lambatun na nan yadda yake, a buɗe, a toshe da leda. Famfo ba ya kawo ruwa a yawancin tituna, sai 'yan garuwa da ke turo kura cike da jarkoki daga rijiyoyin burtsatse. Mai abincin da ke sayen kowace jarka da kuɗinta, dole ta yi tsimin ruwan wanke-wanke, kuma daga nan ciwon ciki da taifot suke samun ƙofa. Da damina kwata ta cika ta malalo har ƙarƙashin kujeru. Ƙazantar unguwar tana gangarawa rafin Jakara, a can ƙasa kuma masu lambu suna ban ruwa da shi, latas da kabejin su dawo kasuwa. Masu karɓar haraji ba sa ɓata hanya, kowane shago sun san shi, kowace rumfa suna da rasit ɗinta. Duba-garin da zai leƙa madafa ya ga inda ake ajiye nama, da injiniyan da zai yashe lambatu, su ne ba a gani. Unguwar da ke tara wa ƙaramar hukumar Fagge da jihar Kano irin wannan kuɗin shiga ta wuce a bar ta tana cin abinci a bakin kwata.

A bakin kowace rumfar abinci kuma akwai yara da robobi a hannu. Almajirai ne, sun tako daga makarantun allo na unguwannin kewaye, suna jiran wanda zai rage. Wasu masu abincin suna ɗaukarsu wanke-wanke da ɗebo ruwa, su ba su abinci da ɗan canji, wasu ma har su saya musu takalmi ko su kai su kemis in ba su da lafiya. Na ga Madam tana kiran yaro da sunansa, tana yi masa faɗa don bai zo jiya ba, tana tambayar ko zazzaɓin ya sauka. Alherinta abin yabo ne. Amma yaro ɗan shekara takwas da aka kawo birni don ya yi karatun Alƙur'ani, a same shi ƙarfe goma na dare a ƙofar mashaya yana jiran ƙashin kifi, wannan ba laifin Sabon Gari ba ne. Laifin iyayen da suka turo shi ne ba guzuri, da mu da muke wucewa ta gabansa mu shiga mota.

Shekarar unguwar tana da lokuta biyu da ciniki ke sauya fuska. Da azumi rana takan yi sanyi, masu amala da sakwara su rage tukunya, domin Musulmin da ke cika bencinsu ba sa zuwa, sai bayan an sha ruwa titi ya cika da masu ƙosai da kunu da soyayyar doya da ƙwai. A watan Disamba kuma, tun daga tsakiyarsa, manyan motocin safa ke kwashe mutane daga New Road zuwa Onitsha da Aba da Owerri don Kirsimeti. Shaguna su rufe, kujerun roba su koma ɗaki, wasu tituna su yi tsit har sai an shiga Janairu. A makonnin nan mai tsire yakan rage naman da yake sarowa, mahaucin Abbatuwa ya ji a aljihunsa, ɗan garuwa ya yi ta zagaye da kura ba mai kira.

Wanda ba ya tafiya ko'ina, azumi ko Kirsimeti, shi ne mai shayi. Teburinsa ne ke rufe dare: gwangwanayen madara da Bournvita a jere, burodi a tsaye, kiret ɗin ƙwai, kwalin Indomie, tukunyar ruwan zafi da ta sha citta da kanumfari. A bencinsa ɗan sanda mai sintiri da maigadi da ɗan adaidaita sahu da yaron otal suke haɗuwa, mai kuɗi ya ce a yi masa haɗin kauri, marar kuɗi ya sha ruwan bunu da rabin burodi, rediyo yana ta magana a gefe. Da yawa daga masu wannan sana'a ba a Sabon Gari suke kwana ba. In sun kwashe kaya, wasu Fagge suke tsallakawa, tsohon zangon ayarin Azbinawa, inda ake cin gurasa da tsire da shayin Buzaye da shawarmar da Kwarori suka kawo, kuma can za mu bi su a babi na gaba.